Kamar

Ran da na fara ganin teku
na kira Gwaggo Tasalla a waya.
Ta ce, Mantau, yaya yake?
Na ce, kamar tafkin bayan makarantarmu
in damina ta yi albarka.
Ta ce, au, ashe ba wani abu ba ne.

Na tsaya da takalmi a hannu,
kumfa na lasar ƙafata tana komawa.
Kalmar ta ci amanata.

Gajeriyar igiya ce, kamar.
Da ita ake ɗaure baƙon abu
a turken wanda aka sani
don kada ya tsere.
To, teku ba akuya ba ne.

Sai na koma wa fi.
Ya fi tafkin, Gwaggo. Ya fi gulbi.
Ya fi fadamar Barau har da ta ƙannensa.
Ta ce, da taki nawa?
Kuɗin waya suka ƙare ban gama aunawa ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina sauke buhunan albasa a Ketu,
ban daina jan igiyar ba.
Danfo kamar akurki.
Doguwar gada kamar azumin bazara.
Ruwan Yuni kamar an kifar da randa
kuma mai randar ya yi tafiyarsa.
An ce kama da wane ba ta wane.
Na sani. Amma mai nisan gida
da kama yake kama abin da zai riƙe.

Jiya an ɗauke wuta a Agege.
Muna zaune bakin ƙofa, ina korar sauro,
sai Ladidi, wadda aka yanke wa cibiya a nan,
ta ce, Baba, tafkin garinku yaya yake?

Na buɗe baki, na ji na ce,
kamar teku ne, in an rage shi.
Ta ce, jirgi na shiga?
Na ce, a'a, shanu.
Ta yi dariya har da tari.

Ban yi ba.
Ina laluben igiyar a cikin duhu.
Tana nan, tsawonta bai canja ba,
turken ne aka cire
aka kafa a wannan bakin.
Gwaggo kuwa ta rasu bara
da teku ɗan daidai tafki a ranta.