Daren da Na Yi Haushi

Tun saukar ruwan fari Tsayau ke susa.
Ƙafar baya tana dukan kunne,
gwiwa tana ƙwanƙwasa ƙyauren mangaza,
kaf-kaf-kaf, har kiran assalatu.
Ni kuwa mai gadi ne, kunne ne jarina.
Yaya zan raba takun ɓarawo
da takun ƙaiƙayi?

Buhun aya ɗari huɗu a bayana,
na Alhaji Nomau, ko tsaba ɗaya ba tawa.
Nawa a nan: tocila, buta, gora,
sai wannan jan kare mai yagaggen kunne
da na tsinta kwikwiyo
shekarar da gulbi ya cinye lambunmu.

Cikinsa ya yi jawur.
Gashin gindin wutsiya ya kama gabansa.
Yana lasar dagi kamar an shafa masa mai.
Kare ba ya cewa wayyo,
ido yake ajiye maka, ya kau da kai.

Ran Juma'a na tare Ɗan Jimo bakin tasha,
tiren magani a ka, rana na dafa shi.
Na ce, ƙaiƙayi.
Ya ce, na wa?
Na ce, na wani ɗan gida.
Ai ban yi ƙarya ba.
Ya ɓallo mini ƙwaya huɗu ƴan mitsi-mitsi,
irin da Gwamma ke sha in borin jini ya taso mata.
Dala ashirin. Ba kwali, ba takarda.

Biyu na cusa cikin lomar tuwo,
wai don ƙaiƙayin babba ne.

Susa ta tsaya. Wallahi ta tsaya.
Sai dai ta tafi da haushi a hammata.
Tsayau ya miƙe kamar tsumman da aka yar,
kyanwar maƙwabta ta tsallake wuyansa
ba ta ko sauya tafiya ba.
Na kashe tocila, na ɗora tafi a haƙarƙarinsa
ina ƙirga numfashi,
ni da aka ɗauka ƙirgar buhu.

Wajen ƙarfe biyu, motsi bayan katanga.
Na girgiza shi. Shiru.
Na ja kunnen, mai lafiyar. Shiru.
To, shekara hamsin da bakwai,
da furfura, da jikoki a Bagalam,
na durƙusa cikin duhu
na buɗe baki na yi haushi.

Takun ya gudu.
Har yau ban sani ba, mutum ne
ko jakin Tankari mai ruwa.

Da safe ɗan kabu-kabu ya ce shi ba ya ɗaukar kare.
Na ari baro, na tura shi har wajen likitar dabbobi,
yara na bina da dariya,
shi yana hamma kamar mai gari.

Madam Baraka ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi.
Kilonsa nawa? Ban sani ba.
Sunan ƙwayar? Ban sani ba.
Ta ce, Baba, akwai irinta da mukan ba kare,
amma da awo, kuma bayan mun duba.
Akwai mai kama da ita, an gauraya da maganin mura,
wannan da yanzu rami kake haƙa.
Sai ta buɗa gashin bayansa da yatsa biyu:
ƙuma, baƙi ƙirin, suna cin kasuwarsu.
Ta ce, ka toshe bakin mai kuka,
ka bar mai dukan a ɗaka.

Ranar na ƙone tsohon buhun da yake kwana.
Na yi masa wanka da ruwan da ta ba ni,
ya yi fushi da ni har la'asar.
Da leburori suka tashi
na ɗora shi a sikelin Alhaji.
Sha huɗu da rabi.
Na rubuta da gawayi a bango,
ƙarƙashin lissafin ayar da za ta Jibiya.

Sauran ƙwaya biyun suna aljihun taguwata,
na kasa yarwa, dala goma ce.

Jiya ya yi haushi, na farko cikin kwana uku.
Na ajiye shayina na saurara da kyau.
Ashe daga ciki ake ɗauko shi.
Ni a maƙogwaro na tsaya.