Layin Alli a Kwangila

Sai an sallame Isha'i Baba Haladu ke fara aiki.
Da rana, in ji shi, kowace fitila mai gaskiya ce,
dare ne ke tona asirin ƙwai.

A bayan tasha, jikin bangon shagon siminti,
akwai layin alli da ya ja daidai ƙuguna.
Ruwan sama ya wanke, ya sake ja.
Yara su goge, ya sake ja.
Shekara goma sha tara ke nan.

Ni ne mai ƙirga taku.
Daga hancin mota zuwa bango, goma cif,
da ƙafata, ba tasa ba,
don tasa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

"Kunna," ya ce. Direba ya kunna.
Haske ya faɗa bango kamar an watsa koko.
Idon dama ya tsaya ƙasan layi, da ladabinsa.
Na hagu ya haye sama
yana tashin jemagu a kan darbejiya.
Baba ya zura sukundireba ta bayan gilashi,
yana murɗawa kaɗan-kaɗan
kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo,
har hasken ya sunkuyar da kai.

Bai gama ba.
Ya ɗauki buta ya kwarara wa gilashin ruwa,
ya jira ko gumi zai taru ta ciki.
Ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ko za ta ƙifta.
Ya kai hanci wajen waya yana sansanar ƙauri.
Direban na duba agogo,
fasinjojin Funtuwa na tsaki a kan benci.

Ran Laraba wani yaro ya zo da motar gidansu
da ƙwai biyu a kwali, farare fat.
Ya ce yana so in ya kunna a nan
a gan shi a Shika.
Baba ya juya kwalin, ya karanta alkawuran da ke jiki,
ya miƙa masa abinsa.
"Kai ka gani. Na gabanka fa?"
Yaron ya tsallaka titi,
inda ake ɗaurawa ba bango, ba alli,
kuma kuɗin bai kai namu ba.

Labarin ƙafar ba a bakinsa na ji ba.
Jatau mai shayi ne ya ba ni, yana fifita wuta:
hanyar Giwa, cikin marka,
babur ɗaya, shi a gaba, ƙanensa Ilu a baya
rungume da buhun barkono.
Wata babbar mota ta ɓullo, ido ɗaya a ɗage.
Ba rami, ba gada, ba gefen kwalta,
fari kawai.
Barkonon da safe aka tsince shi,
har cikin gonar mutane.

Shi ya sa gwajin ƙarshe ba na bango ba ne.
Yakan ja ƙafa ya tafi can nesa,
ya rage tsawo daidai mai tuƙa babur,
ya kalli fitilar ido cikin ido.
"Fito da hannu ta taga! Ɗaga yatsu!"
In ya iya ƙirga su ta bayan hasken,
mota ta ci jarrabawa.
In bai iya ba, a buɗe bonet, a koma farko,
ko da mai ita zai kwana yana masifa.

Jiya ya tsuguna ya daɗe.
Ya murza ido, ya sake dubawa,
ya ce fitilar ce. Ba fitilar ba ce.
Ya san na sani.
Can ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa,
ya ce, "Tanimu, zo ka tsaya a nan."

Ƙasar na da sauran ɗumin ƙafarsa.
Na rage tsawo, na ɗaga kai.
Sauro na ta iyo cikin hasken,
injin na rawar sanyi,
can baya, hannun wani da ban sani ba.

"Uku," na ce.
Baba ya dubi direban, direban ya gyaɗa kai.
Ya laluba aljihu ya ba ni guntun allin,
ya ce gobe hadari zai haɗo,
in zo da wuri.