Koriyar Fuska

Ran da muka kwashe ɗakin Baba Mati,
bayan sadakar arba'in,
ƙarƙashin gadon ƙarfe, can bayan adaka,
na jawo wani allo naɗe cikin buhu.
Na zaci mataccen madubi ne.
Ashe shi ne.

Shi ne, amma kore.
Goshi shar kamar ɗanyen zogale,
ƙarƙashin ido shuɗi, baki ya zame hagu,
hannuwa sun fi kai girma,
shuni ya ci su har gwiwa.
A bayansa Gobarau ta sunkuyo
kamar tsohuwa mai neman allura,
sama kuwa ja,
jan da ba na magariba ba.

Na shafa. Fentin tudu da kwari,
kamar gonar da aka yi wa huɗa cikin fushi.
Ba sawun buroshi kaɗai ba,
ga na wuƙa, ga na babban yatsa.

Gwaggo Tabawa ta leƙo, ta ce:
"Af, aikin Mandal ne, Bayahuden kantin fatu.
Zamanin yaƙin Hitila ya sauka,
da akwati guda, da tari.
Ba ya zuwa kulob, Turawan ma ba su kiran shi.
Ran Asabar ba ya taɓa sikeli,
sai ya gangaro marina, ya kife turmi ya zauna,
ya zuba wa karofi ido
kamar mai jiran wani ya fito."

Kwana tara Baba ya tsaya masa, muciya a hannu.
Ran na goma aka juyo allon.
Ya ce: "Wanga ba ni ba ne.
Yaushe na yi shawara?"
Marina suka yi ta dariya har la'asar.
Mandal bai yi ba.
Ya tattaro guntuwar Hausarsa ya ce:
"Ba fata na zana ba.
Fata, saye nake a kanti."

A shekarar ce, in ji Gwaggo,
ƙyanda ta ɗauke wa Baba uku cikin wata guda.
Bai zubar da hawaye gaban kowa ba,
washegari yana bakin karofi.
Unguwa ta ce namijin duniya.
Baƙo ɗaya ne bai yarda ba,
shi ma da fenti ya faɗa.

Ina ya san ciwon?
Kowace Laraba yana gidan waya,
yana tambayar wasiƙa daga wani gari
mai suna mai karya harshe.
Akawu ya girgiza kai.
Tun yana tambaya har ya bari,
sai ya tsaya a ƙofa kawai,
akawu ya girgiza.

Na matso da fitila.
A wani lungu, tsakanin sorayenmu,
ga gidan da ba namu ba:
rufi mai tsini, farin abu ya danne shi,
taga rawaya,
kawuna huɗu a ciki, ba fuska ko ɗaya.
Ya rasa inda zai sauke su a duniya,
ya ba su masauki a Marnar Gangare,
kusa da namu ukun.

Can ƙasa ga sa hannunsa,
daga dama zuwa hagu kamar namu,
sai dai ba ajami ba ne.
Malamin unguwa ya juya shi, ya kasa.

Wasu sun ce jirgin ruwa ya hau a Ikko,
wasu sun ce tarin ne ya ƙarasa shi a hanya.
Katsina ba ta riƙe komai nasa ba,
ko kabari.

Baba ya rantse ba shi ba ne.
Shekara sittin da ɗoriya bai sake zancen ba,
bai rataya ba, bai ƙona ba.
Amma gara ba ta taɓa ko gefe ba,
kuma da na duba buhun,
na takin bara ne.