Laimar da Ta Ƙi Buɗewa

Goggo Ripeka ta durƙusa a gindin itace,
yayyafin Tsibirin Kudu yana bin ƙeyarta.
Ta tura yatsu biyu cikin ruɓaɓɓen ganye
kamar mai lalube a tsohon aljihu,
ta fito da ɗan dunƙule,
bai kai ƙwan zabuwa ba,
shunayya, da taɓo a kumatu.

Ta ce, kakannin wannan laimar kwaɗi ne.
Da ƙafa ɗaya suke tsayawa,
su buɗe, su miƙa wa iska irinsu.
Sai sanyi ya yi sanyi, fari ya daɗe,
iska ta fara cin amana.
Wani ya naɗe laimarsa,
ya gajarta ƙafa,
ya nutse da 'ya'yansa a ciki.

Na ce, to wa zai fitar da su?

Ta nuna yamma da haɓa, can bayan teku.
A wancan tsibirin, in ji ta, ƙamshi suka koya,
don masu tono da dare hanci gare su.
Mu nan ƙasar tsuntsaye ce,
tsuntsu kuwa da ido yake cin kasuwa.
Shi ya sa namu suka yi ado:
ja, shuɗi, ruwan goro,
suna kwaikwayon 'ya'yan itacen da suka faɗo.
Tun da ƙasa ta tsage, ruwa ya shiga tsakani,
kowane tsibiri ya reni nasa,
'yan uwa har suka daina kama.

Mowa ce take haɗiye su,
doguwar nan marar fiffike da ta fi mutum tsayi.
Ta haye tudu da su a ciki,
ta sauke su a wani kwari.
Yau ƙashinta kawai muke samu a kogo.

Amma ba wanda ya sauka ƙarƙashin ƙasa
ya faɗa musu.
Duk kaka sai sun yi kwalliya,
sun leƙo,
suna sauraron takun da ba zai zo ba.

Goggo ta juya shi a tafin hannu.
Ba ta sa shi a jaka ba.
Muka hau tudun, gwiwarta tana ƙara,
tana hutawa, tana zagin tsufa,
har muka gangara ɗaya kwarin.
Nan ta murƙushe shi a gindin wani itace,
ta rufe da ganye,
ta goge yatsunta a wandona.