Cindo Mai Yatsa Huɗu

Shekara ashirin da uku ke nan
da na fara rataya jakar makullan Cindo
a wani lungu bayan Gidan Zoo:
kyamara ɗaya, janareto na tari,
darakta na ihu da goro a kumatu.
Fim bakwai muka fitar.
Na takwas ya kwanta a kwali a Ƙofar Wambai
har gara ta cinye fostarsa.

Sai na koma rumfar ƙanena a Fagge,
ina yanka makulli na gaske
ga mutanen da ba su waiwayar fuskata.

Ran nan ga Ramlatu, jikar mai gidan hayarmu,
da kwamfuta a jakar goyo.
Ta durƙusa ta ce,
"Baba, aron muryarka nake so."
Na ce murya ai ba tabarma ba ce.
Ta yi dariya, ta buɗe allon.

Ga ni nan.
Hanci kamar gauta, hula a karkace,
ƙafafu tsinken tsire,
ina dirowa daga gadar Ƙofar Nassarawa
in faɗa kan a-daidaita-sahu ko gezau,
ni da gwiwata ke ƙara
in na miƙe daga zaman tahiya.

Na ƙirga yatsunsa. Huɗu.
"Ke! Cindo fa sunansa.
Shida aka haife ni da su, da su aka san ni."
Ta ce kowane yatsa kwana guda ne na zane,
wuta kuma ba ta zama.
Na yi shiru.
Wanda aka tono daga kwali
ba ya jayayya a kan yatsa.

Yanzu duk Juma'a bayan la'asar
sabon kashi na sauka a waya.
Daga Kurna har Hotoro
yara na buga ƙofar gidansu suna cewa,
"Kowace ƙofa da maganinta!"
da irin shaƙewar muryata.
Yana jikin jakar makaranta,
yana ledar alewa,
na gan shi a bayan motar yashi yana kashe mini ido.
Masu tura fim sun kakkaɓo tsofaffin bakwai ɗin,
wani ma ya tono na takwas.
Iyaye na zaunar da 'ya'ya:
"Ku zo ku ga Cindon asali."
Minti biyar su ce,
"Me ya sa ba ya tashi sama?"

Shekaranjiya wani ya zo yankan makulli
da ɗansa riƙe da gefen rigarsa.
Na faɗi kuɗin aiki, yaron ya zabura:
"Abba, tsohon nan yana kwaikwayon Cindo!"
Ya ƙara saurare, ya taɓe baki.
"Amma bai iya sosai ba."
Na miƙa masa hannu, ya ƙirga,
ya kai shida, ya ja da baya.
Na ce, "Ragowar biyun
su nake ci da su, yaro."

Jiya darakta ya kira ni,
bayan shekara goma sha ɗaya ba ko gaisuwar Sallah.
Za a yi fim na tara, da mutane,
kuɗi sun samu.
Sai dai a ƙara mini hanci,
in karkata hula,
in koyi tafiyar zanen.

Ga ni gaban madubin askin maƙwabcina
ina koyon wanda ya koye ni.
Shi ba zai yi furfura ba.
Ranar da aka ɗauke ni zuwa Dandolo
in ta faɗo Juma'a,
zai diro daga gada bayan la'asar
da muryar da Ramlatu ta adana.

Ban ƙi ba.
Na dai roƙe ta abu ɗaya:
a kashi na ƙarshe, ko wuta ba ta zauna ba,
ta ɓata kwana biyu
ta mayar masa da yatsunsa.