Ma'aunin Inno

Inno ta ce, tana ɓarar gyaɗa a gidanmu na Rijiyar Ɗorowa:
"Wanda ya riga ka rantsuwa, sake ƙirga canjinka.
Wanda ka ce wa ina kwana,
ya ba ka labari har da launin hular direba,
ɗaure akuyarka."

Da wannan ma'auni na buɗe shagon ɗinki a Tsohuwar Kasuwa.
Ina kallon maƙogwaro in ya haɗiyi yawu,
ina kallon hannun da ke sosa ƙeya ba ƙaiƙayi,
da dariyar da ke riga maganar isowa.
Na kama mai kawo zare. Na kama dillalin keke.
Har maƙwabta kan turo mini baƙonsu,
a sha shayi, in auna musu shi.

Ran da dubu takwas ta ɓace a shago
na tsayar da Arzika, yarona.
Idonsa a ƙasa, gumi a goshi,
harshe na tuntuɓe: "Ban... ban ɗauka ba."
Duk alamun Inno sun cika.
Ya naɗe tabarmarsa ya koma Kware.
Bayan Sallah na ja aljihun teburi,
ga kuɗin a bayansa, sun lanƙwashe, ɓera ya ɗanɗana gefe.
Ashe tsoro da ƙarya
riga ɗaya suke sawa.

Modi kuwa ido cikin ido ya dube ni,
murya kwance kamar Rima da rani,
ya karɓi kuɗin buhun albasa goma.
Damina uku ke nan.
Har yau in na tuna fuskarsa
ban ga inda ɗinkin ya ɓalle ba.

A asibiti na tambayi Inno jiki.
"Da sauƙi, ɗan nan. Tahi ka buɗe shago."
Na ga yatsunta sun damƙe zane.
Na gani sarai.
Na ce alhamdu lillahi, na tafi.

Ɗazu wata ta zo karɓar atamfarta.
Ko yanka ban yi ba.
Na dube ta, ban haɗiyi yawu ba, ban sosa ƙeya ba,
na ce, "Wallahi saura maɓalli."
Ta yi shiru,
ta buɗe jaka, ta sake ƙirga canjinta.