Kwalba Biyu a Bakin Dole

Jikka takwas a aljihuna, gumi ya jiƙa su,
kuɗin jakar fata huɗu da na ɗinka a Birni.
Na tsaya gaban Manzo mai magani, bakin kasuwar Dole,
ya tura mini kwalba biyu bisa kanta:
"Wannan naman kaza ne zalla, iri guda.
Wannan kuwa bakwai aka daka a turmi guda.
Kuɗinsu ɗaya. Zaɓi."

Naman kaza!
Abin da muke shuri da ƙafa muna yara,
in ruwa ya kwana, ya fito gindin suri
da 'yar lemarsa, muna cewa ta kwaɗi ce.
Yau ga shi ya yi ƙetare ya dawo cikin kwalba,
ya sa hula, yana jin Faransanci.

Don Yaya Cima na zo.
Wata uku ke nan tabarma ta fi ta ƙarfi,
ita da ke tashi kafin zakara ta tare layin famfo.
Ɗiyarta ta ji labarinsa a Yamai, ta bugo waya:
"Kawu, a gwada."

Na ɗaga mai bakwai, na kai ta ga haske.
Sunaye bakwai, kowane da tsawon igiyar guga,
amma ba a ce wane ne mudu, wane ne tsunkule ba.
Na san gayya, na yi ta a gonar Mirriya:
mutum bakwai a kunya, biyu ke noma,
biyar suna jiran fura.

Lawali mai kilishi ya leƙo, bai iya shiru ba.
"Baduku, ka taɓa cin yaji na citta kaɗai?
Kanumfari, masoro, kimba, tunkuza,
sai sun haɗa kai nama ke yin suna.
Tsinke ɗaya ba ya shara."
Ban musa ba. Kilishinsa shaida ne.

Sai dai muryar Kaka Magaram ta riga tasa zama a kunnena,
ita da saiwoyinta a ƙullin tsumma:
"Ba maras lafiya abu ɗaya, ka zauna ka duba.
In ya tashi, ka san wa za ka gode wa.
In cikinsa ya juya, ka san wa za ka kora.
Ɓarawo cikin taro ba a kama shi."

Na mayar da kuɗina aljihu, Manzo ya ɓata rai.
Na hau kabu-kabu zuwa wajen likitar da ke duba ta,
da takardar ƙwayoyin hawan jininta a hannu.
Ta karanta, ta daɗe, ta cire tabarau:
"Ban yi maka alkawarin komai ba.
In dole ne, ɗaya. Kada ta bar nawa.
Ka dawo mini bayan sati biyu."

Na koma na sayi mai ɗaya.
Kowace safiya in ja layin gawayi jikin bango,
kamar mai bin bashin goro.
Layi biyar, shiru.
Layi tara, ta ce kunun ya yi tsami.
Layi goma sha uku, da asuba,
na ji tsintsiya a tsakar gida.

Na fito da gudu in yaba wa kwalba.
Sai na ga ƙasa jiƙe, ruwan farko ya sauka da dare,
ga jikanta Harisu da ya iso jiya daga Tanut
yana barci da ƙafa ɗaya bisa tabarmarta,
ga maƙwabciya ta aiko da tafasa.

To, Kaka, wa zan gode wa?
Na sayo ɗaya don in iya ƙirga,
ga shi gida ya daka mini nasa haɗin ban sani ba.

Na dai ja layi na goma sha huɗu.
Jibi za mu koma wajen likita,
Cima ta ce da ƙafarta za ta je.